Suna da igiyar aure: ƙofofi biyu da iyali ke bi su shiga mulkin Amurka

Wata malamar sakandare ce ta aiko mini da tambaya. Ta ce ɗalibanta sun tsare ta a aji: in har Amurka ba ta da sarauta, me ya sa sunayen Kennedy da Bush da Clinton ke ta dawowa? Sannan wane iko matar shugaban ƙasa take da shi, da har ake ganinta tana jawabi a manyan taruka alhali ba wanda ya jefa mata ƙuri'a?

Malama, na gode, kuma ki gaishe mini da ɗaliban nan. Na shafe shekaru ina koyar da tarihin siyasar Amurka, kuma da wuya shekara ta wuce ba a kawo mini ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba. Naki ɗaliban sun haɗa su wuri guda, kuma sun yi daidai, domin tushensu ɗaya. Ɗa ko ƙane ko jika yana shiga mulki ta akwatin zaɓe, inda jama'a ke iya ce masa a'a. Matar shugaba kuwa igiyar aure ce ke shigar da ita. Ba ta rantsuwar kama aiki, majalisa ba ta tantance ta, kuma ba mai ikon sallamarta. Gidajen siyasa sun fi jan hankalin jaridu, amma ni ƙofa ta biyun ce ta fi tsaya mini a rai.

Mu fara da gidajen. Waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkin Amurka a 1787 ba su daɗe da gama yaƙi da Sarkin Ingila ba, don haka suka rubuta ƙarara cewa gwamnatin tarayya ba za ta naɗa wa kowa sarauta ba. Shugaba na farko, George Washington, bai haihu ba. Sai ga na biyu, John Adams, ɗansa John Quincy Adams ya zama na shida a 1825. William Henry Harrison ya hau a 1841, ya rasu bayan wata guda, jikansa Benjamin Harrison ya hau a 1889. George Bush babba ya hau a 1989, ɗansa George W. Bush ya hau a 2001. A cikin shekara fiye da 230, waɗannan ukun kaɗai ne 'ya'ya ko jikokin shugabanni da suka zauna a kujerar.

Ga abin da nake so ɗalibanki su rubuta a littafinsu: dukansu uku sun hau karon farko ne ba tare da sun fi abokin takararsu yawan ƙuri'un jama'a ba. A 1824 Andrew Jackson ne ya fi ƙuri'a, amma bai kai rinjayen da ake buƙata ba, sai Majalisar Wakilai ta ba Adams. A 1888 Grover Cleveland ya fi Harrison ƙuri'a, amma tsarin wakilan jihohi, inda ƙuri'un wakilan kowace jiha ke yanke wanda zai zama shugaba, ya ba Harrison. A 2000 Al Gore ya fi Bush da ƙuri'a sama da rabin miliyan, maganar ta koma jihar Florida inda tazarar ta tsaya a 537, kuma gwamnan jihar a lokacin ƙanen Bush ne, Jeb, har Kotun Ƙoli ta tsayar da sake ƙirge. Adams ƙarami da Harrison ƙarami zango ɗaya ɗaya suka yi. Mutanen da aka hana kujerar, Jackson da Cleveland, su suka dawo bayan shekara huɗu suka kayar da su.

To mene ne ainihin abin da ake gada? Sai an fahimci yadda ake samun tikiti a can. Jam'iyya ba ta zama a ɗaki ta miƙa wa mutum takara. Ɗan takara zai fita zaɓen fitar da gwani, ya nemi kuɗinsa, ya sayi lokaci a talabijin don mutane su san da shi. Sabon shiga yana kashe miliyoyin daloli kafin a iya furta sunansa daidai. Ɗan gida kuwa ya taras da sunan a bakin kowa. Ya taras da jerin attajiran da suka ba ubansa gudummawa, da lambobin wayarsu. Ya taras da gogaggun masu shirya yaƙin neman zaɓe waɗanda suka san shi tun yana yaro. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Babu inda wannan ya fito fili kamar jihar Massachusetts a 1962. Da John Kennedy ya bar kujerar sanata ya zama shugaban ƙasa, ƙanensa Edward, wanda ake kira Ted, bai kai shekara 30 da doka ta gindaya wa sanata ba. Sai aka naɗa wani abokin John tun daga jami'a, Benjamin Smith, ya riƙe kujerar shekara biyu. Ted na cika 30 ya fito takara, bai taɓa riƙe muƙamin zaɓe ko na kansila ba. A muhawarar talabijin, abokin takararsa Edward McCormack, babban lauyan gwamnatin jihar, ya dube shi ya ce masa da a ce sunansa Edward Moore ne kawai, babu Kennedy a ƙarshe, da takararsa abin dariya ce. Maganar gaskiya ce, amma masu kallo suka ji tausayin matashin, ya lashe zaɓen da rata mai yawa. Shi kansa McCormack ɗan ɗan'uwan kakakin Majalisar Wakilai ne na lokacin, John McCormack. Wanda Ted ya kara da shi a babban zaɓe kuma George Cabot Lodge ne, wanda ubansa da kakan ubansa duk sun yi sanata a wannan jihar. Gidaje uku ne suka yi kokawa a kan kujera ɗaya.

Dole in faɗi sauran labarin, domin adalci. Ted Kennedy ya zauna a Majalisar Dattawa har ya rasu a 2009, shekara kusan 47, kuma har abokan hamayyarsa sun shaida cewa yana cikin sanatocin da suka fi iya haɗa kan ɓangarori a zartar da doka, musamman kan lafiya da ilimi da haƙƙin naƙasassu. Suna ne ya shigar da shi ba da cancanta ba, daga baya ya cancanta. Abin da ba za mu taɓa sani ba shi ne ɗan wane talaka ne wannan sunan ya tare wa hanya.

Wasu masana tattalin arziki uku, Ernesto Dal Bó da Pedro Dal Bó da Jason Snyder, sun wallafa bincike a 2009 kan 'yan majalisar Amurka tun daga 1789. Dabararsu ta burge ni. Sun kwatanta waɗanda suka sake cin zaɓe da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, mutanen da kusan babu bambancin basira tsakaninsu sai sa'a. Suka ga waɗanda suka samu zango na biyu sun fi samun ɗan'uwa da ya shiga majalisa daga baya. Wato daɗewa a kan mulki ita ke haifar da gidan siyasa. Mu kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma binciken nan yana nuna cewa hanyar da uwar ta share ita ce rabin gudun ɗan.

Kuma a ƙasa da fadar shugaban ƙasa ne gidajen suka fi kafa saiwa. Kujerar Majalisar Wakilai daga yankin Detroit a jihar Michigan: John Dingell babba ya riƙe ta daga 1933 har ya rasu a 1955, ɗansa ya karɓa ya yi shekara 59, matar ɗan, Debbie Dingell, ta karɓa a 2015. Birnin Chicago: Richard Daley uba ya yi magajin gari daga 1955 zuwa 1976, ɗansa daga 1989 zuwa 2011. A Alaska, Frank Murkowski ya bar kujerar sanata ya zama gwamna a 2002, sai ya naɗa 'yarsa Lisa a gurbinsa. Mutanen jihar suka fusata har suka ƙwace wa gwamna wannan ikon a 2004, amma suka ci gaba da zaɓen Lisa ɗin.

A 'yan shekarun nan kuwa manyan sunayen sun sha ƙasa. Jeb Bush ya shiga takarar 2016 da asusun magoya baya na sama da dala miliyan 100, Donald Trump ya mayar da sunan gidansu abin suka, ya janye a watan Fabrairu bai ci jiha ko ɗaya ba. Mahaifiyarsa Barbara ta riga ta faɗa a talabijin tun 2013 cewa Bush ɗin da aka yi sun isa haka. Ɗan Jeb, George P. Bush, ya faɗi zaɓen fitar da gwani a Texas a 2022. Joe Kennedy na uku, jikan Robert Kennedy ƙanen John, ya faɗi a 2020 a hannun Sanata Ed Markey, karo na farko da ɗan gidan Kennedy ya faɗi zaɓe a Massachusetts. Kada kuma ɗalibanki su ɗauka gida ɗaya baki ɗaya ne. Robert Kennedy ƙarami ya zama sakataren lafiya a gwamnatin Trump a 2025, 'yan'uwansa na ciki ɗaya suna sukarsa a bainar jama'a, kuma Caroline, 'yar John Kennedy, ta rubuta wa sanatoci tana roƙon kada su amince da shi. Shi kansa Trump da ya rusa gidan Bush ya sa 'yarsa Ivanka da mijinta Jared Kushner a matsayin masu ba shi shawara a zangonsa na farko. Akwai dokar 1967 da ta hana shugaba naɗa danginsa, wadda aka yi shekaru kaɗan bayan John Kennedy ya naɗa ƙanensa Robert ministan shari'a yana ɗan shekara 35, amma a 2017 lauyoyin ma'aikatar shari'a suka ce dokar ba ta shafi ma'aikatan cikin fadar White House ba.

Hukuncina a kan gidajen shi ne: rashin adalci ne a wajen shiga, amma yana da magani, domin ranar zaɓe tana zuwa.

Yanzu ga uwargida. Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambace ta ba ko sau ɗaya. Ba ta da albashi. Iyalin shugaba ma su ke biyan kuɗin abincin da suke ci a fadar, ana kawo musu lissafi, kuma tufafin da duniya ke zuba wa ido a kai ba gwamnati ke ɗinka mata ba. Asalin aikin karɓar baƙi ne, shi ya sa ba lallai ne ta zama matar aure ba. James Buchanan, wanda ya yi mulki daga 1857 zuwa 1861, bai taɓa aure ba, 'yar 'yar'uwarsa Harriet Lane ce ta riƙe gidan. Sai a 1978, zamanin Jimmy Carter, majalisa ta yi dokar da ta halatta kashe kuɗin gwamnati wajen ba matar shugaba ma'aikata, bisa hujjar cewa tana taimaka wa mijinta a aikinsa. Ki lura da wannan hujja. Har a doka, ikonta reshe ne na ikon mijinta. Daga nan ne ofishin ya zama abin da muke gani yau, da shugaban ma'aikata da sakataren watsa labarai da mai shirya liyafa.

To ina ikon yake? Yana wuri uku: ita ce ta ƙarshe da shugaba ke magana da ita da dare, tana da ta cewa kan wanda zai gan shi, kuma duk inda ta taka 'yan jarida na biye.

Na biyun nan shi ne mai hatsari, kuma akwai labarin da nake ba kowane aji. A kaka ta 1919 Shugaba Woodrow Wilson ya zaga yammacin ƙasar a jirgin ƙasa yana neman goyon bayan jama'a kan yarjejeniyar Versailles ta ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya da shiga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokacin. Jiki ya gaza, aka dawo da shi Washington, ranar 2 ga Oktoba ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Matarsa Edith, wadda ya aura a 1915 bayan rasuwar ta farko, tare da likitansa Cary Grayson, suka ɓoye wa ƙasa girman ciwon. Takardun ministoci sai sun bi ta hannunta. Ita ke shiga ɗakin, ta fito da amsa, wani lokaci a rubuce da hannunta a gefen takarda. Mataimakin shugaban ƙasa, Thomas Marshall, bai samu ganin maigidansa ba. Sakataren harkokin waje Robert Lansing ya riƙa kiran taron ministoci don kada aiki ya tsaya, aka tilasta masa ajiye aiki a Fabrairun 1920. Haka aka tafi wata 17, har ƙarshen wa'adi a Maris 1921. Daga baya Edith ta rubuta cewa ita ba ta taɓa yanke hukunci kan al'amuran ƙasa ba, abin da kawai ta riƙa yankewa shi ne wace magana ce muhimmiya da kuma yaushe za a kai wa mijinta. Na yarda ta faɗi haka da zuciya ɗaya, mace ce da ke ƙoƙarin ceton ran mijinta. Amma duk wanda ya taɓa zama a ƙofar wani babba ya san cewa mai tace abin da zai shiga shi ke mulki. A cikin waɗannan watannin ne Majalisar Dattawa ta ƙi yarjejeniyar sau biyu, Wilson yana kwance ya ƙi sassautawa, kuma masu iya lallashinsa ba su kai gare shi ba. Amurka ba ta shiga ƙungiyar ba. Sai a 1967 aka yi gyara na 25 ga kundin tsarin mulki, wanda ya fayyace yadda za a yi idan shugaba ya kasa aiki. Ko da gyaran, tambayar ba ta mutu ba. Ta sake tasowa a 2024, lokacin da aka riƙa tambayar me na kusa da Joe Biden suka sani game da ƙarfin jikinsa kafin ya janye takara a watan Yuli.

Idan Edith ta nuna hatsarin ƙofar, Eleanor Roosevelt ta nuna alherin da ke iya fitowa daga cikinta. Ita kanta 'yar gidan siyasa ce. Shugaba Theodore Roosevelt wan mahaifinta ne, shi ya tsaya mata a matsayin uba ranar aurenta a 1905, kuma mijin, Franklin, ɗan dangi ne na nesa daga ɗaya reshen gidan. Reshen Theodore 'yan Republican ne, na Franklin 'yan Democrat, kuma 'yan'ubancin ya yi zafi. A 1924, da ɗan Theodore ya nemi gwamnan New York, Eleanor ta riƙa bin sa gari gari a mota an ɗora mata ƙatuwar butar shayi a sama tana fitar da tururi, don tuna wa jama'a wata badaƙalar rijiyoyin mai da ake kira da sunan butar shayi. Ya faɗi zaɓen. Daga baya ita kanta ta yi nadamar wannan.

Shan inna ya kama Franklin a 1921, bai ƙara tafiya da ƙafafunsa ba sai da taimako. Da ya hau mulki a 1933, ƙasa na cikin matsin tattalin arziki mafi muni a tarihinta, Eleanor ta zama ƙafafunsa da idanunsa. Ta shiga ramin haƙar kwal a Ohio. Ta je unguwannin baƙaƙen fata da ba wani babba da ke zuwa. Kwana biyu da rantsar da mijinta ta kira taron manema labarai na mata zalla, ta ci gaba da yin haka sau 348 cikin shekara 12, har kamfanonin labarai da ba su da ma'aikaciya mace suka ɗauka dole. Tana rubuta shafi a jaridu kwana shida a mako. A 1939 wata ƙungiyar mata fararen fata masu ji da asali ta hana mawaƙiya Marian Anderson zauren taronta a Washington saboda baƙar fata ce. Eleanor ta fice daga ƙungiyar, ta bayyana dalili, aka shirya wa mawaƙiyar fili a gaban ginin tunawa da Lincoln, mutum kusan 75,000 suka hallara. Mijinta ba zai iya yin wannan ba, domin yana buƙatar ƙuri'un sanatocin kudu masu ra'ayin wariya. Ita da ba ta neman ƙuri'ar kowa ta iya. Rashin zaɓen da ya sa Edith ta zama abin tsoro shi ne ya ba Eleanor 'yancin faɗin gaskiya.

Amma akwai iyakar da Amurkawa ba sa yafewa, kuma Eleanor ma ta ci karo da ita. A 1941 aka ba ta muƙamin gwamnati na gaske, mataimakiyar shugaban hukumar kare fararen hula. 'Yan majalisa suka yi mata caa, ta ajiye cikin 'yan watanni. Bayan shekara 50 Hillary Clinton ta taka wannan sawun. A yaƙin neman zaɓen 1992 mijinta Bill Clinton ya riƙa cewa wanda ya zaɓe shi ya samu biyu a kuɗin ɗaya. Ta buɗe ofis a ɓangaren yamma na fadar, inda shugaba da manyan mashawartansa suke, abin da ba wadda ta taɓa yi. A Janairun 1993 ya ɗora ta a kan kwamitin sake fasalin inshorar lafiya na ƙasa baki ɗaya. Wata ƙungiyar likitoci ta kai ƙara, tana cewa tunda ita ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, dole zaman kwamitin ya zama a buɗe. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa a wannan babin za a ɗauke ta tamkar jami'ar gwamnati. Ki duba wannan tsaka mai wuya: jami'a ce a idon kotu, amma ba albashi, ba tantancewa, kuma wane minista ne zai iya duban shugaba ya ce masa shirin matarka ba zai yi ba? Shirin ya mutu a 1994 ko ƙuri'a ba a kaɗa a kansa ba, kuma a Nuwamban shekarar jam'iyyarsu ta rasa rinjaye a Majalisar Wakilai karo na farko cikin shekara 40.

Abin da Hillary ta yi bayan haka shi ne, a ganina, amsa mafi tsabta: ta fita ta ƙofar aure ta shigo ta ƙofar zaɓe. Ta ci kujerar sanata daga New York a 2000, matar shugaba ta farko da ta taɓa cin zaɓe. Barack Obama ya kayar da ita a fitar da gwani na 2008, ta yi sakatariyar harkokin waje daga 2009 zuwa 2013, ta fi Trump ƙuri'a kusan miliyan uku a 2016 amma ta faɗi a wakilan jihohi. A nan tambayoyin ɗalibanki biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya. Kuma ya kamata a raba ta da irin su Lurleen Wallace ta Alabama, wadda mijinta George Wallace ya tsayar a 1966 saboda doka ta hana shi zarcewa, kowa ya san shi zai riƙa mulki, ta rasu da ciwon daji a 1968 tana kan kujerar.

Waɗanda suka biyo baya sun koyi darasi, suka riƙa zaɓen batun da ba zai raba kan jama'a sosai ba. Laura Bush ta ɗauki karatu da ɗakunan littattafai, Michelle Obama ta ɗauki abincin yara a makarantu da motsa jiki, Melania Trump ta ɗauki cin zarafin yara a intanet. Kada a raina wannan. Da Betty Ford ta fito a 1974 ta faɗa wa duniya cewa an yi mata tiyatar kansar mama, a lokacin da ake jin kunyar ambaton ciwon, mata sun yi ta tururuwa zuwa asibiti a duba su. Mu ma mun ga ƙarfin wannan murya a kan namu ciwon. A watan Mayun 2014, bayan sace 'yan matan Chibok 276, Michelle Obama ta ɗaga kwali mai kiran a dawo da su, sannan ta karɓi jawabin mako na shugaban ƙasa ta yi shi a kansu. Hoton ya zaga duniya cikin yini guda. Bai dawo da yarinya ko ɗaya a ranar ba, amma ya sa gwamnatoci da yawa suka kasa kau da kai. Rosalynn Carter kuma, wadda ta riƙa zama a gefe a taron ministoci tana rubutu, ita da mijinta suka kafa cibiyar da ta yi shekaru tana yaƙi da kurkunu a ƙauyukanmu, har aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013.

Ɗalibanki za su kwatanta da gida, kuma kwatancen yana da tushe. Kundin tsarin mulkin Najeriya ma bai san ofishin uwargidan shugaban ƙasa ba, amma tun da Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987 ofishin ya zauna daram, har matan gwamnoni da na ciyamomi suka bi sahu. Bambancin da na fi gani shi ne a Amurka fadar tana miƙa wa majalisa jerin ma'aikatanta da albashinsu duk shekara, har da na ofishin uwargida, kowa na iya dubawa.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kuma yana damuna. Matar nan ba ta nemi aikin ba. Michelle Obama lauya ce, ta bar babban muƙami a asibitin Jami'ar Chicago ta zo ta yi shekara takwas tana aikin da ba a biya. In ta yi magana a ce wa ya zaɓe ta, in ta yi shiru a ce ba ta damu ba. Jill Biden ce ta fara karya wannan, ta ci gaba da koyar da Turanci a wata kwaleji a Virginia tana karɓar albashinta tana matar shugaba. Ni ina ganin hanyar da ta fi dacewa ke nan: a bar ta ta yi sana'arta in tana so, in kuma za ta taɓa manufofin gwamnati, a san iyakarta a rubuce, a san wanda za a tuhuma in abu ya lalace.

Na taɓa zuwa Hyde Park a jihar New York, garin su Franklin Roosevelt. Babban gidan yana kan tudu yana kallon kogin Hudson, gidan surukar Eleanor ne, kuma ita ke da iko da shi har ta rasu a 1941. Kamar kilomita uku daga nan akwai Val-Kill, wani tsohon ginin masana'antar kujeru da Eleanor ta mayar gidanta. Ɗakunan ƙanana ne, bangon katako cike da hotunan jikoki da abokai, kujerun ba su dace da juna ba. A nan ta zauna bayan rasuwar mijinta a 1945, a shekarun da ta jagoranci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya rubuta sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 10 ga Disamban 1948. A gefen falon akwai wani ɗan teburi. A watan Agustan 1960 John Kennedy, ɗan attajiri tsohon jakada, wanda ya riga ya samu tikitin jam'iyya, ya zo har nan ya zauna a wannan teburin yana neman goyon bayanta. Ba ta so shi ba da farko. Ta soki yadda kuɗin ubansa ke aiki a takarar, ta soki shirun da ya yi lokacin da Sanata McCarthy ke farautar mutane da sunan kwaminisanci. Tana da shekara 75, ba ta riƙe da kowane muƙami, mijinta ya rasu shekara 15. Ta matsa masa kan haƙƙin baƙaƙen fata, sannan ta amince ta fita yi masa yaƙin neman zaɓe. Da ya ci, ya naɗa ta shugabar hukumar duba matsayin mata a 1961. Ta rasu ranar 7 ga Nuwamban 1962, aka binne ta kusa da mijinta a lambun furanni na babban gidan, Kennedy da tsofaffin shugabanni Truman da Eisenhower suna tsaye a bakin kabarin.